Manomin da Ya Tumɓuke Dawarsa

Akwai wani manomi wanda ya kewaye gidansa da doguwar katanga, ya cika rumbunsa. Kullum fahariyarsa ita ce shi mai 'yanci ne, ba mai aikensa, ba mai kiransa. In aka yi shelar taron gari a gindin tsamiya, sai ya gyara kwanciya a tabarma.

Ana nan, mutanen garin suka tashi za su kori wani makiyayi da iyalinsa, wai shanunsa suna ratsa gonaki. Manomin nan kuwa ya san gaskiya sarai. Wurin da shanun suke bi burtali ne, hanyar shanu tun dā, manoma suka yi ta cinye shi da garma kaɗan-kaɗan. Tare da mahaifinsa suka dasa gamba a bakin iyakar. Kai, shi kansa kunyoyin dawarsa uku a kan burtalin suke!

Kullum yana cin tuwo yana ba matarsa wannan labari. Ranar taron ta janye kwanon daga gabansa ta ce, "Maigida, ni da kajin nan mun ji. Amma ba mu za mu yanke maganar ba."

Sai ya tashi ya tafi. Ya miƙe a tsakiyar jama'a, ya roƙe su su biyo shi. Ya kai su gonarsa, ya nuna musu tsohon tushen gamba, ya sunkuya ya tumɓuke dawarsa da hannunsa, kunya uku cur. Ku zo ku ga ikon Allah! Wani tsoho ya shiga tasa gonar ya tumɓuke shukarsa da ke kan burtalin, sai wani, sai wani. Kafin la'asar burtali ya buɗe har bakin rafi, shanu suka wuce, makiyayin yana share hawaye.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwana, Ubangiji bai 'yanta mu domin mu kulle ƙofa ba. Mutumin nan yana bayan katanga hutawa kawai yake yi. Ranar da ya tsaya inda kowa yake ganinsa, ya faɗa, ya kuma aikata, ranar ya ɗanɗani 'yanci, wasu ma suka sami ƙarfin hali ta wurinsa. Kai fa, wace gaskiya ce kajin gidanka suka gaji da ji? Ana kiran taro a unguwarku. Tashi ka tafi da ita.