Jinginar Fadamar Kwarin Giginya

An ce a zamanin da, a wata ƙasa mai yawan koguna, an yi wani sarki mai suna Jatau. Wata rana yana zaman fada sai ga mutanen Kwarin Giginya sun iso, Sarkin Nomansu Cindo yana gaba.

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, hakiminmu Mayana ya ci bashi wurin Madugu Tunau ya gina gada, ya jinginar da fadamarmu. Ba mu ji labari ba sai da Madugu ya zo auna gonaki. Da fadamar nan muke ci da rani."

Sarki ya sa aka kira su biyun. Mayana ya ce kowace damina kogi na cin mutane, shi ya sa bai tsaya shawara ba. Madugu ya ce shi dukiyarsa ya bayar a gaban shaidu, wa'adi kuma ya cika.

Sarki ya ga kowa da gaskiyarsa, ya dubi Waziri Nagoma. Waziri ya roƙi a ɗaga shari'a zuwa gobe.

Da la'asar Waziri ya tafi masaukin Madugu, ya ce, "Raƙuma nake so ka ranta mini. Jingina kuwa, ga Masallacin Juma'a."

Madugu ya yi dariya, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai masallaci ba naka ba ne. Amana aka ba ka. Wane mahaukaci zai karɓa?"

Waziri ya ce, "Haka ne," ya yi sallama.

Washegari a fada, Waziri ya maimaita hirar, ya tambayi Madugu ko ya faɗi haka. Madugu ya amsa. Waziri ya ce, "To, fadama ta Mayana ce, ko amana aka ba shi?" Madugu ya sunkuyar da kai.

Sarki ya ce, "Fadama ta koma ga masu ita. Amma gada ta tsaya, jama'a na hawa, Madugu ba zai yi asara ba. Ya riƙa karɓar kuɗin fito daga ayarin fatake har dukiyarsa ta dawo, ban da talaka mai ƙafa."

Sannan ya sa sankira ya yi shela: daga yau hakimi ba zai ci bashin aikin gari ba sai dattawan garin sun yarda, fada ta sani, kuma bashin kada ya wuce abin da harajin garin zai iya biya a shekara. Gona, rijiya da kasuwa ba a jinginar da su.

Aka tuɓe Mayana, aka bar masa kula da gadar. Cindo da mutanensa suka koma gida, suka tarar lokacin dashen albasa bai wuce ba.