Nomau Mai Wankin Hula da Hantar Sarkin Fawa

An yi wani mutum a wani gari can baya, wani bawan Allah ana ce da shi Nomau. Wankin hula yake yi. Ba shi da gona, ba shi da jaki, dukiyarsa bokiti ce da buroshi da itatuwan nan da ake kifa hula a kai ta bushe. A gindin dalbejiyar ƙofar gidan Sarkin Fawa Jatau yake zama, shekara da shekaru.

Shi kuwa Jatau mutum ne mai fara'a, hannunsa a sake. Amma fa akwai shi da kara. Ko ruwan kwata ka miƙa masa ka ce ya sha don Allah, sai ya kurɓa ya ce maka ya gode.

Ana nan sai ciwon ƙaba ya matsa masa, aka yi masa aiki a asibiti, aka yi nasara. Da za a sallame shi, likitar ta ba shi farar ƙwayar nan ta rage zogi, farasitamol, ta ce biyu da safe, biyu da rana, biyu da yamma, kada ya ƙara komai a kai. Ya ce ya ji.

To, ku saurara. Mu dai kun san mu da dubiya, ba ma zuwa hannu rabbana. Kuma kowane Bahaushe likita ne, in dai ba shi ne a kwance ba. Kuna dariya, ai da ku nake!

Surukinsa Alhaji Bagudu ya zo, ya ji ya yi atishawa, ya zaro maganin mura daga aljihu. “Sha a gabana, Sarkin Fawa.” Ya sha. Ƙanwarsa Hajiya Tabawa ta taɓa goshinsa ta ji ɗumi, ta kwance bakin zane ta fito da na zazzaɓi. “Yaya, haɗiye in gani.” Ya haɗiye. Nomau ma da ya rasa abin kawowa, ya je kemis ya sayo maganin ciwon jiki, wanda shi kansa yake sha in bayansa ya ƙage. Ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Jatau ya ce, “Kai ma, Nomau? Allah ya yi albarka.” Ya sha. Haka aka yi ta yi, safe da yamma, har kwana uku, ga kuma na likita bai fasa ba.

Ran na huɗu sai amai. Sai ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Aka kwashe shi aka mayar asibiti, kowa ya bi, har da Nomau da kumfa a hannu.

Likita ta auna jini, ta fito fuskarta ba walwala. Ta ce, “Hantarsa ce ta taɓu. In na san abin da ya jawo, akwai abin da zan ba shi yanzu. In ban sani ba sai na shiga lalube, shi kuwa ba shi da wannan lokacin. Bayan abin da na rubuta, ya sha wani abu?”

Jama'a, ku zo ku sha kallo! Alhaji Bagudu ya hau jan carbi yana kallon rufin ɗaki. Hajiya Tabawa ta ja mayafi ta rufe baki. Wa zai yarda a ce shi ya kwantar da Sarkin Fawa? Jatau kansa yana ji, ya rufe ido, don ba zai tona masu ƙaunarsa ba ko da zai mutu.

Nomau yana raɓe a bakin ƙofa. Ya san in ya yi magana za a ce talakan da ake ciyarwa ne ya cuci ubangidansa. Ya dubi idon Jatau, tausayi ya kama shi. Sai ya cire hularsa ya matso.

“Ranki ya daɗe, ni na ba shi. Maganin ciwon jiki, biyu-biyu, safe da yamma. Ga ragowar.”

Bai ambaci kowa ba, ku lura, kansa kawai ya faɗa. Likita ta karanta kwalin ta ce, “Wannan ai farasitamol ne. Amma shi kaɗai da wuya ya yi wannan ɓarnar. Sai wa?”

Hajiya Tabawa ta fashe da kuka. “Wallahi da ni!” Alhaji Bagudu ya yi gyaran murya har sau uku, sannan ya ce, “To, nawa dai na mura ne kawai.” Aka baje kwalaye a kan tebur har da na asibiti, kala huɗu, suna huɗu. Likita ta nuna musu ƙananan rubutun da ke baya. Duk akwai ƙwayar nan a ciki. Ta ce, “Hanta ce ke ɗaukar nauyin maganin nan. Kun yi ta lafta mata kaya kamar jakin haya, ga mutum bai gama farfaɗowa daga aiki ba, ko abincin kirki ba ya ci.”

Nan take aka ɗaura masa ruwa da maganin da ke karya dafin. Allah mai iko! Hanta aba ce da Ubangiji ya yi ta tana gyara kanta in an cim mata da wuri. Kwana goma sai ga Jatau ya dawo gida da ƙafarsa, ido fari tas, yana neman tuwo.

Gari ya ɗauka, aka cika zaure ana barka. Nomau kuwa ya tattara bokitinsa zai bar gindin dalbejiya don kunya. Jatau ya aika aka kamo shi, ya zaunar da shi a kan buzunsa, yana dariya yana dafe wurin ɗinki. Ya ce, “Ina za ka? Kowa a nan ya ba ni magani don yana sona. Da likita ta tambaya, bakinka ne kawai ya buɗe. Zauna, yau ni zan gasa maka tsire da hannuna.” Nomau sai hawaye, yana murmushi.

To 'yan uwa, ga abin da nake so ku ɗauka. Gaskiyar da za ta kunyata ka ta ceci ɗan uwanka, faɗe ta, kuma ka fara da kanka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In za ku dubiya, ku tafi da lemo da addu'a, ku bar magani a hannun likita. Kai kuma da ke kwance, kada kara ta sa ka haɗiye abin da ba a rubuta maka ba. Na san a cikinku yanzu akwai mai ƙwaya a aljihu, yana jiran a tashi ya kai wa wani. Malam, mayar da ita gida. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu zuciya irin ta Nomau.