Gatarin Baba Mantau

Ku gyara zama. Wannan labari ba na dariya ba ne, kuma idan na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A wani ƙauye da ke bakin gandun daji an yi wani dattijo, Baba Mantau, shugaban masu yankan katako. Takardar izinin shiga gandun da sunansa take, kuma ba ta ɗaukar suna biyu. Al'adarsa, kafin a taɓa kowace bishiya sai ya ƙwanƙwasa gindinta da ƙeyar gatarinsa ya saurara, sannan ya faɗi kayan aikin da za a sa mata. Yana da magidanta uku da suka girma a hannunsa, kowa da abin da ya yarda da shi. Sallau bai san komai ba sai injin zarto. Jatau mai igiyar waya ne da keken janta. Nomau kuwa kullum yana saɓe da tsohon jak na ɗaga tirela, har ana yi masa ba'a wai bakanike ne ya ɓata hanya ya faɗo daji. Shekara da shekaru suna musu a kan wanda kayansa suka fi, tsohon yana jinsu bai taɓa sa baki ba.

Wata safiya cikin damina, bayan ruwan kwana biyu, suka je kayar da wani madaci da iska ta karkatar. Baba Mantau ya wuce gaba ya ƙwanƙwasa. Kafin ya sake ɗaga gatarin, saiwa ta tumɓuke daga jiƙaƙƙiyar ƙasa. Madacin ya taho ya sarƙe a jikin wata ɗorawa, babban reshensa ya danne ƙafar tsohon. Gangar itacen tana rataye a samansa, ɗorawar kuma ta fara tsagewa, kowa yana jin ƙararta.

Sallau ya tayar da injinsa. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce, "Kashe shi, ɗana. Idan ka yanka yanzu, a kaina zai sauka."

Jatau ne ya fara. Ya hau ɗorawar nan da ke tsagewa, ya ɗaura waya a wuyan madacin, ya sauko ya kafa kekensa a gindin wata tsamiya, ya yi ta juyi har itacen ya daina zamewa. Ana cikin haka maƙallin keken ya karye, sai ya tokare mariƙin da ƙirjinsa. Waya ta cinye masa yatsu biyu, bai saki ba.

Nomau ya ɗauki gatarin tsohon ya bi reshen yana ƙwanƙwasawa, ya ji rabinsa ƙogo ne, da an kafa jak a nan burmawa zai yi. Wurin da ya samu mai tauri yana daidai ƙarƙashin gangar. Ya kwanta rub da ciki cikin taɓo, ya shimfiɗa katako, ya kafa jak a kai, ya ɗaga reshen kamar yatsa huɗu. Nauyin ya bar ƙashi, amma ƙafar tana nan maƙale a bayan wata saiwa.

Sai Sallau ya durƙusa. Ya sa bakin zarto a saiwar, taki ɗaya tsakaninsa da gwiwar mutumin da ya rene shi. Tsoro ya kama shi, ya faɗa da bakinsa daga baya, amma ya ci gaba da yanka. Saiwar na rabuwa ya yar da injin, ya sungumi tsohon ya fita da shi, Nomau na biye. Ƙarfin Jatau ya ƙare, ɗorawa ta karye, madacin ya sauka daidai inda tsohon ya kwanta, ya murƙushe injin da jak.

Baba Mantau ya rayu, amma ƙafar ba ta sake kai shi daji ba. Dole ya miƙa takarda da gatari ga mutum ɗaya, sauran biyun su koma ƙarƙashinsa. Ya kira su ya ce, "Shekara arba'in ina zaɓar wa itace abin da zai kayar da shi, ban taɓa yin shakka ba. Yau na kasa."

Na je gaishe shi kwanan baya, na ga gatarin jingine a bayan ƙofarsa, tsatsa ta fara cin bakinsa.

To, jama'a, tsakanin wanda ya riƙe, da wanda ya ɗaga, da wanda ya yanka, a hannun wa za a ɗora gatarin nan?