Ɗakin da Lawal Ya Gina wa Inna Kulu

Akwai wata tsohuwa a wani ƙauye kusa da Ɗansoshiya, ana ce mata Inna Kulu. Asalinsu makiyaya ne da suka zauna suka kama noma. 'Ya'yanta biyu ne a raye: Lawal, ɗan farinta, mai sayar da kayan gini a Kano, sai Furera da ke aure a Tudun Wada.

Kun dai san kunyar ɗan fari. To ta Inna Kulu ta wuce misali. Ba ta taɓa kama sunan Lawal ba, "wancan" take ce masa. Ko ruwa ba ta taɓa cewa ya miƙo mata ba.

Wata damina hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Tana kwance a asibiti kuma sai bangon ɗakinta na ƙasa ya zube.

Lawal ya kira ƙanwarsa a waya. "Ni na ɗauki gini, ke ki ji da asibiti. Abinci kuma na yi magana da Salamatu maƙwabciyarta. Kowa ya tsaya a nasa."

Furera ta ce, "Yaya, da ka zo ka ji bayanin likita kafin a sa bulo."

"Likita magini ne? Ke dai ki sa ido ki ga aiki."

Aiki kuwa an gan shi. An ɗaga ɗakin sama saboda ruwan damina, aka yi masa matakala mai tsayi, aka shimfiɗa tayil mai ƙyalli, har da banɗaki a ciki. Mutanen gari suka riƙa zuwa kallo suna sa albarka, Lawal kuwa bakinsa har kunne.

Ranar sallama likita ya ce wa Furera ƙafar za ta iya dawowa, amma sai Inna tana takawa kullum a tsakar gida, wani yana riƙe da ita. Furera ta faɗa wa Inna, Inna ta ce to. Furera ba ta faɗa wa Lawal ba don tana jin haushinsa. Ba ta faɗa wa Salamatu ba don ta ɗauka Inna za ta faɗa. Ta koma gidan mijinta, inda yara da aikin girbi suke jiranta.

Maza ne suka ɗauki Inna suka shigar da ita sabon ɗaki. Washegari ta dafa bango ta nufi ƙofa. Santsin tayil ya kwashe ta, ta faɗi. Da jan ciki ta kai bakin ƙofa, ta leƙa matakalar, ta ga ba za ta iya ba. Ta ja jiki ta koma kan katifa.

Wa za ta faɗa wa? Ta buɗi baki ta kushe ɗakin da ɗan farinta ya gina, gari duk yana yabo? Gara ta mutu a ciki.

Salamatu baiwar Allah tana kawo tuwo da fura a kan lokaci, ta kama ta zuwa banɗaki, ta tafi nata aikin. Ta ga Inna ba ta fita, sai ta ɗauka likita ne ya ce ta kwanta.

Lawal yakan kira wayar Salamatu a miƙa wa Inna. "Yaya jiki, Inna?"

"Da sauƙi."

Furera ma haka. "Inna, kina dai takawa ko?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Jama'a, yaushe Bahaushe ko Bafulatani ya taɓa cewa babu sauƙi? Wanda ke gargarar mutuwa ma haka yake cewa. Gaisuwa ce, amma su suka ɗauke ta a matsayin bayani, saboda ita ce amsar da ta fi musu daɗi. Wannan ne ya fi ƙona mini rai a labarin nan.

Sai da Sallah ta haɗa su. Furera ta yaye bargo za ta sauya wa Inna zani, sai ta saki salati. Gwiwar Inna ta lanƙwashe ta ƙage, Furera ta ja, ta ƙi miƙewa.

Suka koma asibiti su duka. Likita ya duba, sannan ya ce, "Wa yake kama ta tana takawa?"

Furera ta kalli Salamatu. Salamatu ta ce, "Wallahi ba wanda ya faɗa mini. Kuma ta ina za ta sauko daga wannan ɗakin?"

Lawal ya ce, "Me ya samu ɗakin?"

Likita ya ce, "Alhaji, lokacin da za a ceto ƙafar nan ya wuce. Za mu rage mata ciwo, amma tafiya kam sai dai wani ikon Allah."

Lawal ya ce a kai ta Kano, a kai ta ko'ina, shi zai ɗauki nauyi. An kai ta. Magana ɗaya aka maimaita masa.

Da suka dawo ƙauye, mota ta tsaya a ƙofar gida. Maza suka matso za su kama, Lawal ya hana. Ya durƙusa ya goya mahaifiyarsa, hawaye na zuba a kan babbar rigarsa. Ya zo gindin matakalar ya tsaya, ya kasa hawa, ya kasa juyawa.

Inna Kulu ta kawar da kai, ta ce da 'yarta a hankali, "Furera, ce wa wancan ya daina kuka, mutane suna kallo. Ɗakin yana da kyau."

Darasi: Muhalli, magani da hidimar tsoho ba a raba su kamar gado. Mai gini ya ji ta bakin likita, mai kai abinci ta san abin da likita ya ce, kuma kada "da sauƙi" ta waya ta ishe ku, ku je ku gani da idonku. Ku tura wa 'yan'uwanku wannan, musamman waɗanda suka raba hidimar iyaye amma ba sa zama su yi magana.