Kujerar Baya

Akwai wani mutum da abokansa ke kira Hayaƙi, saboda ba ya tashi da mota daga wuri sai ya bar hayaƙin taya a bayansa. Shekarunsa talatin da huɗu, yana aikin zanen gine-gine a wani ofis. A gida kuwa Auta ake ce masa.

Hayaƙi ya san mota kamar yunwar cikinsa. Wayarsa cike take da hotunan motocin tsere da waɗanda kamfanoni ke ƙerawa ƙwaya ɗaya don nuni, ba a ma kai ga sayar da su ba. Da jin ƙarar inji daga nesa zai gaya maka silinda nawa ne. In kuka zauna hira, ko da zancen ruwan sama kuka fara, a kan taya za ku ƙare.

A wurin mahaifinsa ya gaji abin. Baba ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙin motar ma'aikata, bai taɓa ko ƙwarzane ta ba. Shi ya ɗora Auta a cinya ya damƙa masa sitiyari tun ƙafarsa ba ta kai birki ba. Yana da wata magana da yake yawan faɗa:

"Kowa gaban mota yake kallo. Direba baya yake fara dubawa, ya ga wa zai ɗauka."

Da Hayaƙi ya sayi jar motarsa mai ƙofa biyu, ranar farko gidan iyayensa ya kai ta. Baba ya zagaya ta sau biyu yana dogara sanda. Ya saurari inji, ya gyaɗa kai.

"Lafiyayyiya ce. Yaushe za ka ɗana ni?"

"Baba, bari in gama gyara ta tukuna. Yanzu ai ba ta zama mota ba."

"Sabuwa fil ce za a gyara?"

Hayaƙi ya yi dariya. "Zamani ya canza, Baba."

Duk ranar Asabar ta ƙarshen wata, masu irin wannan sha'awa kan taru a wani tsohon filin jirgi da aka daina amfani da shi, su gwada gudu bibbiyu. Sau uku Hayaƙi yana zuwa na biyu. Abin ya tsaya masa a rai. Sai ya kai motar garejin wani makanike da ake kira Sifana.

Da farko aka canza salansa. Daga nan aka canza tayoyi. Sannan ya ce a sauke motar ta kusanci ƙasa, don ta riƙe titi a kwana. Sifana ya sauke ta, ya auna da hannu: yatsu biyar tsakanin cikinta da ƙasa.

"Ƙara," in ji Hayaƙi.

"Oga, wannan ko kwalin ashana ta taka sai ta ji."

"Na ce ka ƙara. Yatsu uku."

Sifana ya ƙara. Da aka gama, Hayaƙi ya leƙa ciki, ya nuna kujerar baya.

"Wannan ma a fitar. Nauyi ce kawai. A sa ƙarafan kariya a wurin, kamar na motocin tsere."

Sifana ya goge hannu da tsumma. "Oga Hayaƙi, ba ka da mai hawa ne? Ba uwa, ba uba, ba maƙwabci?"

"Motar haya na ce maka na saya?"

Aka kwance kujerar. Sifana ya ce ba shi da wurin ajiye ta, garejin ya cika. Hayaƙi ya sa aka kai ta gidan iyayensa, ya ce a jefa a ɗakin shirgi.

Baba bai bari an jefa ta ba. Ya sa aka ajiye ta a baranda, aka tallafe ta da bulo huɗu. Ya goge ta da kansa, ya zauna, ya jingina.

"Ka ga laushi," ya ce wa Mama. "Wannan ce yaron nan ya ce nauyi ce."

Tun daga ranar ta zama wurin zamansa. A kai yake shan maganin hawan jininsa da safe, a kai yake sauraron rediyo, a kai yake jiran Auta ranar Asabar.

Gidan yana ƙarshen wani layi ne mai hanyar shiga ɗaya. A bakin layin mazauna unguwa sun yi tudun siminti don rage gudun motoci, saboda yara. Kowace mota tana hawa ta sauka lafiya. Ta Hayaƙi kuwa, tun da aka sauke ta, ba ta iya hayewa. Sai ya riƙa ajiye ta a bakin babban titi, ya taka zuwa gida.

Amma hankalinsa na can. Yana gaishe da Mama yana leƙen waje, ko wani ya jingina da motar. Zaman awa biyu ya koma rabin awa. Rabin awa ya koma gaisuwa a tsaye. Daga baya zuwan ya koma sau ɗaya a wata, sauran kuma a waya.

Wata Asabar da ya zo, ya tarar da maƙwabcinsu Mai Burodi yana wanke tsohuwar motarsa ta rabon kaya a ƙofar gida. Farar mota ce da ta koma ruwan ƙasa, ƙofar bayanta da igiya ake ɗaure ta. Shi ne ke kai Baba asibiti duk wata, tun da motar Auta ta daina shiga layi.

"Ranka ya daɗe, ina jirgin? An bar shi a filin sauka?" in ji Mai Burodi yana dariya.

"Ya fi ƙarfin layinku. Kai kuma har yanzu kana fama da wannan kunkurun? Wallahi da in shiga wannan gara in tafi a ƙafa."

"Kunkuru dai yana isa inda za shi."

"Ranar da ya isa, an tashi daga taron."

Baba yana kan kujerarsa yana jin su. Da Hayaƙi ya zo zai wuce, ya kama hannunsa.

"Auta, an gama gyaran?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To. Ni dai ina nan a kujerar baya. Direba nake jira."

Ya faɗa da murmushi, Hayaƙi ma ya yi murmushi ya zare hannunsa. Ya lura hannun tsohon ya yi sanyi, ya kuma rame. Bai tambaya ba. Wani yaro ne ya hango can bakin titi yana shafa madubin motarsa.

Ranar tseren ƙarshen shekara, da misalin ƙarfe sha ɗaya na safe, Hayaƙi ya yi abin da ya daɗe yana nema. Ya zo na ɗaya, aka ba shi kofi. Abokai suka yi ta dukan bayansa, ana ɗaukar hoto, wani yana cewa cire kujerar nan ne ya ba shi rabin daƙiƙar da ya ci da ita.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Mama ce.

"Auta, Babanka. Yana shan shayi kofin ya faɗi. Bakinsa ya karkace, hannunsa ɗaya ba ya motsi. Ga Mai Burodi nan ya tayar da mota, za mu tafi asibiti."

"A wannan akwalar? Mama, sai ta mutu muku a hanya! Kar ku motsa. Ga ni nan, minti goma."

"Ya ce mu tafi yanzu, wai irin wannan ba ya son jira."

"Me ya sani ban da burodi? Babu motar da ta kai tawa gudu a garin nan. Ki ce ya tafi harkarsa."

Mama ba ta taɓa musu da Auta a kan mota ba. Ta ce wa Mai Burodi ya je, ɗanta na zuwa da mai sauri. Mutumin ya dafa ƙofar motarsa.

"Mama, ni dai da mun tafi."

"Je ka, ɗana. Ka ji abin da ya ce."

Ya ja motarsa ya fita, ya tafi kai burodin wata makaranta.

Hayaƙi bai yi ƙarya ba game da gudu. Tafiyar rabin awa ya yi ta a minti sha biyu. Ya iso bakin layi, tudun siminti na nan inda yake. A karo na farko bai tsaya ba. Ya karkata motar, ya ɗora taya ɗaya, ya taka totur.

Sai ƙara kamar an fasa tukunyar ƙarfe. Cikin motar ya zauna daram a kan tudun, tayoyin baya suna juyawa a banza. Baƙin mai ya fara malala a kan siminti. Ya sa giyar baya, ba ta motsa ba. Ya sa ta gaba, injin ya yi tari ya mutu.

Motar ta tsaya a gicciye, ta toshe bakin layin gaba ɗaya.

Ya fita da gudu zuwa gida. Baba na kwance a kan kujerar, Mama ta tallafe kansa. Idonsa biyu. Ya kalli Auta, leɓensa ya motsa, magana ba ta fito ba.

"Ina motar?" in ji Mama.

"Ta maƙale a tudu. Za mu tura ta, yanzu za ta shigo."

Mama ta dube shi. A lokacin ne abin ya faɗo mata, ta kalli kujerar da mijinta ke kwance a kai.

"Auta, ko ta shigo, a ina za ka kwantar da shi?"

Ya juya ya kalli bakin layi. A bayan motar babu komai sai ƙarafa a gicciye. Kujerar gaba kuwa ƙunci gare ta da zurfi, mai lafiya ma sai ya lanƙwashe yake shiga. Wata shida yana tsara motar nan, yana auna kowane kilo, bai taɓa tunanin mutumin da ba zai iya zama ba.

Ya kira motar asibiti, aka ce tana wani kiran, sai nan da kusan awa. Ya karɓi wayar Mama, ya kira Mai Burodi.

"Don Allah ka dawo."

Mutumin bai ce komai ba sai "Ga ni nan." Ya bar burodin a ƙofar makaranta, ya juyo. Minti ashirin ya ɗauka. Da ya iso, babu hanyar shiga layi. Maza shida suka taru a kan jar motar, ko gezau ba ta yi ba.

"Ku bar ta," in ji Mai Burodi. "Ku ɗauko shi da kujerar."

Haka aka yi. Mutum huɗu suka ɗaga kujerar daga kan bulo, Baba na kwance a kai, Hayaƙi na riƙe da wajen kai. Suka bi layin tun daga ƙarshensa har baki. A wurin tudu sai da suka ɗaga shi sama, suka tsallakar da shi ta kan jar motar, takalmansu na santsi a cikin baƙin mai. Aka zura kujerar a bayan motar burodi, ta shiga cif. Mai Burodi ya ɗaure ƙofa da igiyarsa.

Kunkurun bai mutu a hanya ba. Ya kai su har ƙofar asibiti.

Likitar da ta karɓe su ta tambayi ƙarfe nawa abin ya fara. Mama ta faɗa. Likitar ta kalli agogon bango, ta rubuta. Hayaƙi ya bi ta har bakin ƙofa.

"Likita, da mun zo da wuri fa?"

"Ba zan iya rantse maka ba," ta ce. "Amma a irin wannan ciwon, kowane minti yana tafiya da wani abu."

Baba ya yi kwana uku bai yi magana ba. Ranar ta huɗu da hantsi ya rasu.

Bayan mako biyu Sifana ya kira. An janye motar zuwa gareji, ya gyara cikinta.

"Oga, in ɗaga ta? In mayar da kujerar?"

Hayaƙi ya ce zai je ya ɗauko. Ya isa gida ya tarar Mai Burodi ya dawo da ita, an mayar da ita kan bulonta huɗu. Rediyon Baba na gefe. Wurin da yake zama ya lotsa kaɗan. Mama na zaune a ƙasa kusa da ita, tana ninke kayansa.

"Mama, na zo ɗaukar kujerar. Zan mayar da ita, motar ta koma yadda take."

Mama ba ta ɗaga kai ba.

"Wa za ka ɗauka?"

Ya kalli wurin da ya lotsa a kujerar.

"Wata shida yana sa hularsa duk Asabar, wai ko yau ne za ka ɗana shi. Ni nake cire masa da yamma." Ta ninke wata riga, ta ɗora a kan sauran. "Kar ka damu, ai ya hau motarka. Ya hau rabin da ka yar."

Hayaƙi ya tsaya a barandar har ƙafarsa ta gaji. Bai taɓa kujerar ba. Tana nan har yau a kan bulo huɗu. Jar motar ma tana nan a garejin Sifana, an lulluɓe ta da tamfol, kofin da ya ci yana kwance a bayanta tsakanin ƙarafa.

Darasi: Son mota ba laifi ba ne, haka duk wata sha'awa. Amma kafin ka cire wani abu daga rayuwarka don ka ƙara gudu, tsaya ka duba wa yake zama a wurin. Kuma kada ka raina abin hannun maƙwabcinka, don ranar buƙata abin da zai ɗauke ka shi ne mai amfani. Ku tura wa wanda iyayensa ke zaune suna jiran sa, tun suna iya jira.