Dawa Mai Ɗacin Kara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Kurege manomin dawa ne, amma duk damina sai Tsutsa ta shiga kara ta cinye rabin gonar. Rannan ya lura da wata ciyawa mai ɗaci wadda Tsutsa ko kallonta ba ta yi.

Ya ce wa Ƙudan Zuma, "Ƙawata, aure za ki ƙulla mini. Ɗebi garin furen ciyawar nan ki kai wa dawata."

Ta ce, "Dawa da ciyawa? Yunwa ta taɓa maka kai."

Ya ce, "Ke dai kai."

Ta kai. Da dawar ta nuna, Kurege ya adana irin, damina ta dawo ya shuka. Tsutsa ta zo da 'ya'yanta ko sallama babu, ta gartsa wa kara cizo, ta tofar tana hawaye.

Ta ce, "Malam Kurege, wace irin dawa ce wannan?"

Ya ce, "Ɗacin uba ta ɗauko a kara, zaƙin uwa a tsaba. Ƙara mana, ai gidanku ne."

Tsutsa ta kwashe 'ya'yanta, ba ta sake waiwayen gonar ba.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, shi ma bana a rumbun Kurege ya ƙoshi.