Ranar da Aka Sayar da Rumbu

To, ku gyara zama, mai waya a hannu ya kifa ta a cinya, don wannan labarin sai kun yanke masa hukunci kafin kowa ya tashi.

A Bakin Madatsa akwai manoman rani ɗari huɗu da 'yan kai, dukkansu kanal ɗaya suke sha. Shugabansu shi ne Alhaji Nadabo, wanda kowa ke kira Ciyaman, dattijo mai kirki, sai dai yana son a ce shi ya fara kawo sabon abu gari. Shekara da shekaru rabon ruwa a wani tsohon littafi yake, wane Litinin da safe, wane Litinin da yamma. Duk rani sai an fasa wa wani kai da fartanya, domin littafin nan yakan canza magana idan ya kwana a hannun mai biro.

Ana haka sai 'ya'yan garin su uku da suka yi karatun kwamfuta suka haɗa kai. Akwai Lurwanu mai gyaran waya a bakin tasha, da Shamwilu mai shagon buga takardu, da Malama Barira da ke koyarwa a sakandaren 'yan mata. Suka rubuta manhaja wadda kullum da sassafe take tura wa kowane manomi saƙo a wayarsa, ta gaya masa daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ruwa nasa ne. Faɗa ya mutu murus. Don tsabar murna, Ciyaman ya ɗauki tsohon littafin a gaban taro ya miƙa wa Dije mai ƙosai, ya ce ta riƙa naɗe kaya da shi, an wuce wannan zamanin. Aka yi masa tafi har hularsa ta karkace.

Ita manhaja rubutu ce, rubutu kuwa yana son ma'aji. Akwai wani wuri a intanet da masu wannan sana'a na duk duniya ke ajiye aikinsu kyauta, kowa yana ganin na kowa, wanda ya hango maka kuskure ya gyara maka don Allah. Sunan wurin yana karya harshe, sai mutanen gari suka sa masa Rumbu. A can rubutun manhajar yake a fili, a can jerin sunayen manoma da lambobinsu da layin kowa yake a kulle, kuma daga can saƙonnin ke tashi kowace safiya.

Rannan sai labari ya zo cewa wani ƙaton kamfani na ƙasar waje ya saye Rumbu ɗungurungum. Kamfanin ya fitar da sanarwa mai daɗin baki, wai ba abin da zai canza, wai ma ƙaunar masu rubuta manhaja ce ta sa ya saya. Su ukun suka taru a zauren Ciyaman.

Lurwanu ne ya fara. Ya ce, "Baba, mu kwashe kayanmu yau ɗin nan. Duk wanda ya fara da cewa yana ƙaunarka alhali bai san sunanka ba, ka duba aljihunka."

Shamwilu ya ce, "Haba mutumina, sun fa yi alkawari a gaban duniya. In muka tashi, ina masu taya mu gyara za su gan mu? Duk a can suke."

Ciyaman ya dubi Barira ya ce, "Ke fa Malama?"

Ta ce, "Ban karanta ba tukuna, Baba. Sabbin sharuɗɗan shafi saba'in da huɗu ne."

Ciyaman bai fahimci ko rabin maganar ba. Abin da ya fi damunsa shi ne ko har da filin aka sayar da rumbun, amma ya ji nauyin tambaya. Sai ya yi abin da shugabanni ke yi idan kansu ya ɗaure, ya ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, ya sa aka kawo fura. Aka watse ba a yanke komai ba, kowa ya bi halinsa.

Lurwanu ya je ya sayo wata tsohuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin markaɗe, ya haɗa ta da batirin mota a kusurwar ɗakinsa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya kwafe rubutun manhajar kaf ya zuba a cikinta, yana yi yana tsaki. Sau biyu matarsa tana kiran 'yan jari-bola su ɗauke ta, sau biyu yana bin su da gudu ba takalmi.

Shamwilu kuwa ya ci gaba da zamansa a Rumbu hankali kwance. Shi mutum ne da bai iya amsa tambaya ba tare da gaisuwa ba. Baƙo daga wata uwa duniya zai turo tambaya layi ɗaya, Shamwilu ya mayar masa da layi goma, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwan sama a wajenku, sannan amsar ta zo a ƙarshe. Wasu sun ɗauka ba shi da aikin yi. Amma ta haka ya saba da wata tsohuwar injiniya a ƙasar Indunusiya mai suna Wulan, wadda ta ɗauki manhajar don manoman shinkafar ƙauyensu, har ita ce ta rubuta ɓangaren da ke tura saƙo. Zumunci ya yi nisa, ta ba shi lambar wayarta, tana turo masa hotunan jikoki, shi kuma yana tura mata na ragon layya.

Barira ta sa Shamwilu ya buga mata sharuɗɗan a takarda, ta zauna musu da rula da jan biro kamar tana duba jarrabawa. Wata biyu ta yi tana abu ɗaya, har mijinta ya fara zaton wani ne ya kai ta ƙara.

Wata takwas suka wuce lafiya lau. Duk sanda Shamwilu ya bi ta bakin tasha sai ya leƙa shagon Lurwanu ya ce, "Mutumina, har yanzu ba su cinye mu ba?" Shi kuwa Ciyaman ya ma manta an yi wani ciniki.

Sai a makon dashen tumatir, lokacin da iri ke tsaye a fangali da ƙafa ɗaya, kwana uku ba ruwa ya mutu, aka wayi gari ba wanda wayarsa ta yi ƙara. Ciyaman ya girgiza tasa, ya hura mata iska, ya hau katanga da ita, shiru. Kafin hantsi mutum arba'in sun tsaya a bakin kanal, kowa yana rantsuwa yau ranarsa ce, kuma an fara ganin fartanya a kafaɗun da ba su da niyyar noma.

Ga abin da ya faru. Sabon kamfanin ya sa wata na'ura ta bi ta tantance adireshin kowa. To, ranar da aka buɗe wa ƙungiyar manoman wuri a Rumbu, da aka zo gurbin lambar gida da sunan titi, Ciyaman da bakinsa ya ce a rubuta: Gidan Ciyaman, bayan injin niƙa, ka tambayi kowa. Na'urar ba ta tambayi kowa ba. Ta yanke cewa babu irin wannan gidan a duniya, ta garƙame wurin, ta ce nan da kwana bakwai za a share abin da ke ciki.

Ciyaman ya lallaɓa ta bayan gari wajen Dije, ya rage murya ya tambaye ta ko akwai sauran littafin nan.

Ta ce, "Wane littafi, Alhaji? Ai shafin ƙarshe kai na naɗe wa ƙosai a ciki, bara waccan."

 Tsoro na gaske ya kama shi, don ya san cin shekarar gida ɗari huɗu ne a fangalan nan, kuma shi da hannunsa ya raba su da littafinsu yana karɓar tafi. Ya aika aka kira su ukun, bai ko yi musu tayin zama ba.

Lurwanu ya iso da tsohuwar kwamfutar a kan baro, fuskarsa kamar ta ango. Ya dubi Shamwilu ya yi gyaran murya sau uku. Aka kunna, ga rubutun manhajar nan cif, na Juma'ar da ta wuce. Ba don shi ba, da ko harafi ɗaya babu a hannunsu.

Amma da aka ce ta tura saƙo sai ta ƙi. Ɓangaren nan an gina shi ne ya yi aiki daga injinan Rumbu, a wajen can bai san hanya ba, kuma su ukun sun ga sai sun yi mako biyu kafin su warware shi. Sai Shamwilu ya ciro waya ya kira Wulan. Ciyaman yana tsaye yana zufa, shi kuwa sai da ya gama tambayar jikoki ɗaya bayan ɗaya sannan ya faɗi matsalar. Tsohuwar ta tattaro wasu mutum biyu da Shamwilu ya taɓa yi wa doguwar gaisuwa, suka duƙufa, kafin la'asar ɗin washegari manhaja ta tashi a kan injin markaɗen Lurwanu. Ba don shi ba, da kwafin nan bai fi ƙarfen jari-bola amfani ba.

Manhaja ta tashi, sai ta tambayi wa za ta tura wa. Aka duba, babu suna ko ɗaya. Ashe abin da ke fili kaɗai Lurwanu yake kwafewa duk watannin nan, jerin manoma yana can a kulle cikin Rumbu.  Sai Barira ta buɗe jakarta a natse, ta ce ita tun jiya da safe ta aika wa kamfanin takarda. A shafi na sittin da ɗaya, cikin ƙananan rubutu, an ce duk wanda aka rufe wa wuri yana da ikon neman kayansa, kuma idan ya ambaci lambar sashen, dole mutum mai rai ya amsa masa cikin kwana biyu. Dubban mutane a duniya suna ta zagin na'ura, ita kaɗai ta san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. Kafin magariba jerin ya iso, suna ɗari huɗu da goma sha ɗaya, kowa da layinsa. Ba don ita ba, da manhajar ta tashi ne kawai ta yi ta kallon bango.

Safiya ta uku wayoyi suka ɗauki ƙara a duk faɗin garin. Fartanyu suka koma bakin aikinsu, ruwa ya bi layi, dashe ya miƙe. Fangali biyu kacal aka rasa, kuma na Ciyaman ne, don kunya ta sa ya mayar da kansa ƙarshen layi.

Bayan mako guda kamfanin ya buɗe wurin, ya turo ban haƙuri mai laushi, ya sake jaddada ƙaunarsa. Amma ya zo da sabuwar doka: daga yau suna ɗaya tak za a rubuta a matsayin mai makulli, kuma an ba su wa'adin mako biyu su cike gurbin. Wanda ke riƙe da makullin nan kuwa shi ke da ikon cewa a zauna ko a tashi, kuma ruwan gari duka a hannunsa yake.

Manoma suka taru suka ce Ciyaman ya zaɓa, wannan karon kuma ba a kawo fura ba. Ya dubi Lurwanu, ya san in ya ba shi, kafin azahar sun bar Rumbu, sun bar duk baƙin da suka cece su, sun koma dogaro da batirin mota. Ya dubi Shamwilu, ya san in ya ba shi, za su ci gaba da zama a gidan wanda ya kulle su ba sallama, don har ya fara cewa ai kuskure ne, kowa yana yi. Ya dubi Barira, ya ga ta riga ta ciro jan biro, don takardar ban haƙurin ta zo da wasu sharuɗɗan shafi casa'in, kuma ta ce kada wanda ya tambaye ta komai sai bayan damina.

Ciyaman ya cire hula, ya mayar, ya sake cirewa. Har yanzu da nake ba ku labarin gurbin sunan nan babu kowa a ciki, kuma saura kwana biyar wa'adi ya cika.

To jama'a, ga wanda bai yarda da kowa ba, ga wanda ya yarda da kowa, ga wadda ba ta yarda sai ta karanta. In ku ne Alhaji Nadabo, wa za ku danƙa wa makullin?